Wadda Ta Ɗinka Manhaja Daidai Wayar Huseina

Ina tsakar gida ina sussukar gero labarin ya iso. Aka ce Huseina, 'yata ta fari, ta rasu a hanyar asibitin Jahun. Naƙuda ta zo mata da jini, aka rasa mai keke mai ƙafa uku, sai amalanken shanu. Zanenta aka dawo mini da shi, da wayarta mai tsagaggen gilashi.

Ban yi boko mai nisa ba, amma sai na faɗi wace ce Malama Munira. Kullum da safe takan buɗe ɗan shagonta a Dutse, ta jona kwamfuta da batirin sola, ta duƙufa. Ta yi shekara da shekaru tana haɗa wa manoma da ungozomomi manhajar waya, sunanta bai taɓa fita ko'ina ba.

'Yar ƙanwar maƙwabciyata ce. Bayan arba'in ta zo ƙauyenmu da wata manhaja da ta haɗa, wadda ke kiran masu keke idan naƙuda ta tashi. Lokacin autata Adawiyya ta dawo gida goyon ciki, ni kuwa ko kallon cikin ba na iya yi. Aka sa manhajar a wayar Huseina, don ita kaɗai gare mu. Wayar ta yi zafi, ta ɗauke.

"Inna, a kwamfutata lafiya lau take aiki," in ji ta.

Na ce, "To kwamfutar taki ce za ta haihu?"

Ba ta yi fushi ba. Ta ce kayan aikin da take haɗa manhaja da shi yana da wayar gwaji a cikin kwamfuta, sabuwa fil, ba ta cika, ba ta rasa sabis. A kanta ta yi ta gwadawa.

"Ki ara mini wannan, Inna."

Na hana. Muryar Huseina da ta naɗa na ciki. Sai da ta rantse ba abin da zai goge, sannan na ƙulle wayar a gefen zane na miƙa mata.

Waɗanda suka leƙa shagon sun ce ta ajiye babban kayan aikin da ta saba da shi, ta ɗauki wani marar nauyi, ta faro daga tushe. Ta ɗaura wayar Huseina da kwamfutar da igiyar caji, duk abin da ta ƙara sai ta gwada a kanta. Ta cire hotuna, ta cire rubutu, ta bar maɓalli ɗaya da murya. Ta sa saƙon ya riƙa fita ko babu data.

Mu kuwa ƙafafun Adawiyya sai kumbura suke. Na aika a ce ta dawo da wayar ko yaya take. Ta aiko cewa, "Inna, in na kawo abin da zai mutu a hannunki, na cuce ki." Na ji haushinta ƙwarai.

Da ta kawo wayar, ba a rufa mako ba naƙuda ta tashi. Ranar kasuwa ce, maza duk sun tafi, ga hadari ya haɗo. Na ga jini a zanen Adawiyya. Na danna maɓallin. Shiru. Adawiyya ta riƙe ni tana cewa, "Inna, ki yafe mini." Na ce ta rufe mini baki. Can sai muryar Munira ta fito daga wayar: "An ji, ana zuwa." Ruwa bai kai ga sauka ba muka ji hon ɗin Modibbo mai keke a ƙofar gida.

Mace Adawiyya ta haifa. Aka mayar da sunan Huseina.

Malama Munira, ke ce kika rushe aikinki don wayar talaka. Ke ce kika jure baƙar maganata. Na gode, Allah Ya saka miki da alheri, Ya jiƙan mahaifanki ranar da babu mai ceto sai Shi. Ku kuma masu wannan sana'a, ku yi koyi da ita: kafin ku zaɓi kayan aiki, ku zo ku ga wayoyin da ke hannunmu.

Yanzu babu mai ciki a gidana, amma akwai a maƙwabta. Kowace safiya nakan aika wayar wurin mai caji. In ta dawo, sai na saurari muryar Huseina sau ɗaya, na rataye ta a bakin ƙofa, inda kowa zai iya ɗauka.