Gicciyen da Na Sata a Gidan Makoki

Ranar da na buɗe bakina, ga waɗanda ke tsakar gidan a Mabera: Rifkatu, wadda unguwa ke kira Maman Briskila, mijinta Baba Yohanna, tsohon direba, yana kan kujerar roba da rediyonsa, ɗansu Markus, mai gyaran babur, da matar Markus, Saratu, tana tsintar shinkafa. Sai ni, a bakin ƙofa, na ƙi hawa tabarmar da anka shimfiɗa mini.

Kafin in kai ku ga ranar, ku san ko ni wace ce. Sunana ba zai amfane ku ba. A Ƙofar Rini anka haife ni, can na yi aure, can mijina ya rasu. Ban yi boko ba, faɗa nike ana rubutawa. Abin da anka san ni da shi ido ne da ɗaure fuska. Yaro bai wasa a gabana, budurwa ba ta wuce ni da kai buɗe. In ana biki ko rasuwa, ni ake ajewa bakin ɗaki in tsare kayan mata. "Ku ba Inna," haka ake cewa, "ƙuda ma bai wuce ta."

Kada in yi muku ƙarya in ce yunwa ce. Ina da tuwona. Da takalmi na fara. Wani zaman makoki a unguwarmu, nawa ya tsinke, na fito na zura ƙafa cikin na wata. Mai shi ta fito tana nema, ni kuwa na fi kowa faɗa, ina cewa wane irin zamani ne wanga da ba a jin tsoron mutuwa. Ta tafi gida ba takalmi, har da yi mini godiya. Ranar na gane abin da ya halaka ni: mai faɗa ba a caje shi.

Daga takalmi sai mayafi, daga mayafi sai waya, sai ɗan kunnen da mai takaba ta cire ta tura ƙarƙashin filo. Na koma sauraron sanarwar rasuwa a rediyo kamar mai jiran albishir. In na ji unguwar da ba a san ni ba, sai in sa dogon hijabi, in ɗauki tasbaha. Gidan mutuwa ƙofarsa a buɗe take, ba a tambayar tsohuwa daga ina. Dangin miji su ɗauka ta wajen mata ce, dangin mata su ɗauka ta wajen miji ce.

Wata rana ina wucewa ta Mabera na ga rumfa da kujeru a ƙofar wani gidan haya, mata na waƙa a hankali suna share hawaye. Gidan Kirista ne, ban taɓa shiga makokinsu ba. Ɗiyarsu Briskila ce ta rasu, ma'aikaciyar jinya. Na samu gefe na zauna.

A gidan akwai Kulu mai masa, Musulma, ɗakinta na jikin na Rifkatu tun Briskila na goye. Ita ke kai da kawowa, ita ke riƙe da makullin ɗakin ciki. Ta gan ni cikin rana ta ce, "Inna, taso ki shigo daga ciki, zafin nan ba na tsoho ba ne." Ta zaunar da ni, ta tafi kawo mini ruwa.

A kan gado na ga farar riga an shimfiɗa, da farar safar hannu, da ɗan ƙulli cikin hankici. Mu a wurinmu gawa da likkafani kawai take tafiya, kuma ranar ake rufe ta. Ban san su suna ajiye gawa a asibiti har dangi su taru ba, ban san suna yi mata ado ba. Na ɗauka kayan gado ne anka fara fitarwa. Kafin Kulu ta dawo da ruwa, ƙullin na cikin lalitata.

Ban tafi ba, don wanda ya yi sauri shi ake bi. Ina zaune mata sunka shigo ɗaukar kayan da za a sa wa gawa, ba su ga ƙullin ba, sai gida ya rikice. Na matsa kusa da wata gwaggonsu da ta zo daga garinsu, na ce a hankali, "Ni baƙuwa ce, ɗiyata, ban san kowa ba. Amma wa ke riƙe da makullin ɗakin?"

Iyakar abin da na ce ke nan. Kafin la'asar Markus ya watso tandar Kulu waje, ta fashe. Kulu na rantsuwa tana duban Rifkatu, Rifkatu na zaune kai sunkuye ba ta ce kome ba. Anka rufe Briskila wuyanta ba kome.

Da na koma gida na kwance ƙullin. Siririyar sarƙa ce da ƙaramin gicciye na zinari, gefensa ya suɗe don daɗewa a wuya. Ba dillaliyar da za ta shiga da shi gidajenmu, maƙeri kuma zai tambaye ni inda tsohuwa mai tasbaha ta samo shi. Na jefa shi cikin kwalla ƙarƙashin gado.

Asirina ya tonu a wani gidan daban. Ana tsakiyar addu'a wayar da na ɗauka ta yi ƙara cikin hijabina. 'Yan sanda sunka kwashe kayan ɗakina sunka baje a caji ofis, masu kaya na zuwa suna ɗauka. Rifkatu ta zo. Ta ɗaga sarƙar daga cikin kayan. Ɗan sanda ya dube ni ya ce, "Iya, wannan fa, a ina?"

Nan ne Allah ya ba ni ƙofa na ƙi shiga. Na ga laifin mai karɓa bai kai na mai ɗauka ba. Na ce, "Mai masar gidansu ce ta miƙo mini ranar makoki, in sayar mata."

Anka kamo Kulu, anka tsare ta, anka sake ta don ba shaida. Amma wa zai ƙara cin masar wadda ta saci kayan gawa? Ta kwashe 'ya'yanta ta bar Mabera. Ni kuma alƙali ya tura ni gidan yari.

Ba zan ba ku labarin gabza da kuɗin cizo ba, wasu sun faɗa muku. Abin da ya fi su ciwo wani ne. Matan coci kan zo ɓangarenmu lokaci-lokaci da sabulu da gari da man shafawa, su raba wa kowa, Musulma da Kirista. Wata rana na hango Rifkatu cikinsu, sarƙar na wuyanta. Na ja mayafi na juya wa ƙofa baya. Sai na ji ta a kaina.

"Inna, ba a gaisawa?"

Na ce, "In zagi kika kawo, ki yi ki gama."

Ta ce, "Da zagi ne ai da ban biya kuɗin mota ba." Ta zauna ƙasa kusa da ni, ta aje sabulu a cinyata.

Ta ci gaba da zuwa. Ni ban iya shiru da abin da ban gane ba, don haka wata rana na nuna wuyanta na ce, "Maman Briskila, in tambaye ki. Kun ce a kan wanga abu anka kashe Annabi Isa. Wanda anka kashe nasa da wuƙa ai bai rataya wuƙa a wuya."

Ta yi murmushi ta ce, "Ba kisan kaɗai muke tunawa ba, Inna. Mu a bangaskiyarmu ba ƙarfinsa anka fi ba, shi ya yarda, don ya ɗauke wa masu laifi abin da ya kamata ya faɗo musu. Yana rataye yana roƙa wa masu buga masa ƙusa gafara, ba su ko nema ba. Kin san su wa anka rataye dama da hagunsa? Ɓarayi. Ɗaya ya amsa laifinsa ya roƙe shi, shi kuma ya yi masa alkawarin Aljanna a ranar. Kin ga ku ɓarayi kun riga mu shiga."

Na ce, "Ni Musulma ce. Abin da munka gaskata game da Annabi Isa daban ne."

Ta ce, "Na sani. Ba musu na zo ba, sabulu na kawo." Sai ta kama gicciyen da yatsu biyu. "Na yi wata da watanni ina roƙon Allah ya saka mini. Rannan na duba madubi na ga abin nan a wuyana, na ji kunya. Ba a rataya shi a riƙe mutum a zuci. Na yafe miki, Inna. Kulu ma na yafe mata, ko da yake nata ya fi ciwo, don ita 'yar'uwa na ɗauke ta."

Bakina ya buɗe, na rufe shi. Na ji tsoron in na faɗa sabulun zai yanke, da fuskar nan guda da ke zuwa domina, don 'ya'yana ba wanda ya leƙo. Haka na ci gaba da wanka da sabulunta ina cin garinta, ita kuma tana yafe wa Kulu laifin da Kulu ba ta yi ba. Malamin da ke yi mana wa'azi ya ce haƙƙin Allah tuba ke goge shi, haƙƙin mutum sai mai shi. Na ji kamar da ni yake. Duk da haka ban faɗa ba har wa'adina ya cika.

Da anka sake ni ƙanena ya ba ni ɗaki. Na yi kwanaki ina juya abin, sannan na tafi Mabera, na ishe waɗanda na lissafa muku.

Rifkatu ta yi murna, ta ce Saratu ta ƙara shinkafa. Na ce, "Kada a ƙara. Ku ji abin da ya kawo ni. Kulu ba ta taɓa sarƙar nan ba. Ruwa ta tafi kawo mini na ɗauka. Ni na sa gwaggonku ta zarge ta, ni na ƙara mata ƙarya gaban 'yan sanda."

Baba Yohanna ya kashe rediyo. Markus ya miƙe ya ce, "Tsohuwa, ki maimaita." Na maimaita. Ya yo kaina, ubansa ya ce, "Zauna. Hannun nan ya riga ya fasa tanda guda." Markus ya tsaya, sannan ya fita waje.

Rifkatu ta shiga ɗaki ta daɗe. Muna jin kukanta. Da ta fito idonta ya yi ja, ba ta dube ni ba.

Na ce, "Maman Briskila, ki karɓe yafewarki. Da ƙarya na same ta."

Ta ce, "Yau ban iya kallon fuskarki, Inna, kada in ɓoye miki. Amma ba da mudu na auna miki ba, balle in ce kin yi mini algus. Wanda nike bi bai jira sun gama faɗin laifinsu ba kafin ya yafe. Na yafe, sai dai zuciyata za ta biyo baya a hankali." Ta zauna bakin tabarma. "Kulu ta goya Briskila. Ranar makoki ta dube ni tana jiran in ce uffan, ban ce ba. Wannan ba ke kika yi ba, ni ce. Har da zama ina yafe mata. Tana unguwar Gidan Dare, an ce ta koma suyar masa bakin hanya. Gobe ni ma mai roƙo ce."

Ku yara, samari da 'yan mata, ku ji daga bakin wadda ta gani. Sata ba ta zo mini da fuskar sata ba, ta zo da takalmin da na ce aro ne. In hannunku ya ɗauki abu, ku mayar tun kunyar na ƙarama. In kuwa an kama ku, ku tsaya ku kaɗai cikin laifinku, kada ku jawo sunan wani ku rufa. Kaya ana mayarwa, kun ga sarƙa ta koma ga mai ita. Shekarun da Kulu ta yi ana nuna 'ya'yanta da baki, ba ni da inda zan samo su in mayar. Kuma kada ku ga tsoho da tasbaha da faɗa ku ce ya tsira. Na fi ku duka faɗa.

Washegari bayan sallar asuba na ishe Rifkatu tana jirana a bakin titi, munka tafi Gidan Dare. Kulu na gaban tanda, ta rame, mutane sun kewaye ta da kwanoni. Ta gan mu, hannunta bai tsaya ba. Rifkatu ta durƙusa gefenta cikin toka. Ni na tsaya a tsaye gaban masu saye, na faɗi abin da na yi tun daga ruwan da ta tafi kawo mini har caji ofis. Muryata ta shige ciki.

Kulu ta juya masa ɗaya, ta juya ta biyu. Ba ta ɗago ba ta ce, "Inna, da kina faɗin ƙarya har caji ofis an ji ki. Ɗaga murya, na baya ba su ji ba."

Na juya wajen na baya, na fara daga farko.