Ranar da Wasan Barebari Ya Kusa Ɓata Mana Sari

Ana kiran assalatu muka kama hanyar filin jirgin Kano, ni da abokin cinikina, wani Babarbare da muke rumfa ɗaya a kasuwar Kwari. Ni Bafillace ne, don haka tun a jirgi muka buɗe wasan gado: in ce masa bawana, ya ce ubangidanka dai.

Guangzhou ta ƙasar Sin ta tarbe mu da zafi mai danƙo. A unguwar Xiaobei muka sauka, inda za ka yini ba ka yi Turanci ba saboda yawan 'yan gida. Taliyar Musulmin Sin ce ta riƙe mu, ga arha ga ƙoshi, sai dai ci da tsinke ya ba ni kashi.

Wandon jins muka je sara a garin Xintang, alhali ba mu san kowa a can ba, jarin kuma shi ke nan gare mu. Aka haɗa mu da wani dattijo baƙar fata ɗan Amurka mai duba ingancin ɗinki, ya yarda zai kai mu inda ba a ha'inci. Muna cin abinci tare na ce wa abokina, "Bawana, miƙo shayi." Shi kuma ya fassara wa dattijon yana dariya. Dattijon ya ajiye tsinkensa.

Ya ce kakar mahaifiyarsa tana yarinya aka sayar da ita. Ana tsakiyar yaƙin basasa shugaban ƙasarsu ya sa hannu a takardar 'yanta bayi. Shugaban ya yi jinkiri, in ji dattijon, amma da ya furta bai janye ba har aka harbe shi. Na shiga kame-kamen bayanin wasan Fulani da Barebari. Ya ce, "A garinku ba a taɓa sayar da kowa ba?"

Kunya ta kama ni. Na tuna zuriyar bayin da ke rinjin kakanninmu, da har yau ba a ba su limanci a ƙauyenmu. Na ɗauka sari ya ɓaci, amma washegari sai ga shi da mota, ya yini yana juya mana wanduna ciki da bai. Allah ya saka masa da alheri.

Mun dawo lafiya, kaya sun karɓu, na kuma koyi cewa wasanmu ba a banza ya samo asali ba. Da na je ƙauye na tambayi mahaifina wa ya 'yanta mutanen rinjinmu. Yana jan carbi ya ce, "Ba wanda ya taɓa ce musu sun 'yantu. Daina maganar kawai aka yi."