Inna Safara'u Mai Kifi ta Bakin Mashigi

Ranar Laraba, 14 ga Nuwamba, 1956, ina asibitin En'e na Karaye ina dafa kayan aiki, sai wani mai jaki da ya fito daga Rogo ya tsaya a ƙofa ya ce yau babu hayaƙi a bakin mashigi. Na tambaye shi ko lafiya. Ya ce Inna Safara'u mai kifi ta rasu da hantsi, bayan jinyar kwana huɗu, an kuma kai ta kafin azahar. Daga Allah muke, gare shi kuma za mu koma. Na zauna a kan benci na yi kuka, ban damu da marasa lafiyar da ke kallona ba.

Inna, duk wanda ya bi hanyar Karaye zuwa Rogo ya san rumfarki, inda hanya ta gangara kogi. Rumfar kara ce, da tabarmi uku, da randa, da baƙin kasko wanda ya girme ni. Mijinki, Baba Gwadabe, shi ke shiga ruwa da safe, ke kuma ki fere, ki wanke da tsamiya, ki soya da man gyaɗa. Kafin rana ta take, ƙamshin ya isa kan tudu. Fatake da masu jakuna da masinjojin hakimi duk nan suke yada zango, a ci tarwaɗa ko karfasa da dambu da yajin ƙuli, a kora da kunu. Ba kya yarda a ci a tsaye, ba kya ƙunshe wa mai sauri. In mutum ya ce yana sauri, sai ki ce ai hanya ba gudu za ta yi ba, ya wanke hannu ya zauna.

Kuma kina da wata dabara da sai daga baya na gane ta. Wanda kike so ya ci ya tafi, tsoka kike ba shi. Wanda kike da magana da shi, kan tarwaɗa kike ajiye masa, domin babu mai cin kan tarwaɗa da gaggawa. Sai ya fasa, ya tsotse, ya tsince ƙaya, ke kuma kina faɗin abin da ke ranki.

Ni ma na ci nawa kan, a bazarar 1946. Lokacin ina saurayi, sabon malamin lamba, an turo ni daga birni in yi wa yara rigakafin agana a ƙasar Rogo. Ina da keke da kaki da littafi, ina kuma da girman kai wanda ya fi keken nauyi. Yadda aka koya mana shi ne, in na je gida in tambayi uwa 'ya'yanta nawa, ta faɗi sunayensu, in rubuta, a fito da su in yi musu lamba a dantse. Haka na yi a Falgore gida-gida har na gama, na aika wa likita cewa ba yaron da ya saura. Ba a yi wata guda ba agana ta shiga Falgore ta ɗauke yara uku. Na duba littafina daga farko har ƙarshe, babu sunan ko ɗaya daga cikinsu. Ga shi an ce ciwon ya nufi Rogo Ruma, inda na riga na gama aiki ta wannan hanya.

Ranar da na dawo daga gaisuwar yaran na tsaya a rumfarki, ba don yunwa ba. Kika dube ni, kika zuba dambu a akushi, kika ɗora kan tarwaɗa mai zafi a kai.

Na ce, “Inna, ba ni da cikin cin abinci.”

Kika ce, “Ci dai, ɗan nan. Yaran da suka rasu, na nawa ne a ɗakin iyayensu?”

Na ce ban sani ba. Na ce mutanen ƙauye ne da taurin kai, sun ɓoye mini 'ya'yansu.

Kika ce, “Ba wanda ya ɓoye maka. Kai ne ka tambayi wadda ba ta da bakin faɗi. Wace uwa ce za ta tsaya gaban baƙo ta ƙirga ɗanta na fari, har ta kama sunansa? Daga na biyu take farawa. Uban ma haka. Kuma yaron ba ya gidan, tun yaye yana wurin kakarsa.”

Hannuna ya tsaya a cikin akushi. Na san kunyar ɗan fari, ni ma a cikinta na tashi, uwata ba ta taɓa kiran sunan yayana ba. Amma na shiga makaranta na fito, aka ba ni takarda mai layi-layi, sai na ɗauka abin da ke cikin layin shi ne duniya. Na ji kunya ƙwarai, na kuma ji tsoro, domin nan take na gane cewa a kowane gida da na shiga akwai yaro ɗaya da na bari a fili.

Ba ki bar ni da kunyata ba. Washegari kika bar wa 'yarki Rahmatu kasko, abin da aka ce ba ki taɓa yi ba ko ranar suna. Kika yafa mayafi, kika sa ni a gaba zuwa Rogo Ruma, kina tafe ina tura keke. Kika ce in bar littafin a jaka, in kuma daina tsayuwa a kan mutane kamar mai karɓar jangali. Ba gidajen iyaye muka shiga ba, ɗakunan tsofaffi muka bi. Ki yi sallama, ki gaisa, ki tambayi zafi da jikoki, sannan ki ce, “Ina mijin naki? Fito da shi a yi masa abin nan.” Su kuwa kakanni ba su da kunyar kowa. Da tsiya da zolaya suke jawo yaran, wannan ta ce ga angonta marowaci, waccan ta ce ga kishiyarta mai ƙiwa. A kwana uku muka samo yara sittin da ɗaya waɗanda ba su cikin littafina. Agana ta zo Rogo Ruma a wannan bazara, ta kwantar da manya biyu, amma ba ta ɗauki yaro ko ɗaya ba.

Likita ya yaba mini, har ya sa sauran malamai su riƙa farawa da kakanni. Na gaya masa ba dabarata ba ce, ta wata mai suyar kifi ce. Ya yi dariya ya ɗauka tawali'u nake yi. Da na ba ki labari kika ce, “To, ka ce masa in ya biyo ta nan ya wanke hannu.”

Shekara goma ke nan ban wuce mashigi ba tare da na zauna ba. Kin ga aurena, kin ga tumbina ya fito, kin kuma ce kifinki ne ya yi shi, don haka kina da rabo a ciki. Yaran nan sittin da ɗaya yau wasu na noma, wasu na goyo, ɗaya ma yana koyon aiki a asibitin Kano.

Zamana na ƙarshe da ke sati biyu ne kafin ki kwanta. Rana ta yi tsaka, masu ci sun watse, Rahmatu ta gangara wanke kasko. Na tambaye ki abin da na daɗe ina son tambaya, wato yaya aka yi kika gano kuskurena tun ban ba ki labari ba. Kika tura itace cikin murhu. Sannan kika ce naki na fari ma agana ce ta ɗauke shi, yana shekara shida, a gidan mahaifiyarki. Kina daka aka zo aka faɗa miki, ga surukai a tsakar gida, sai kika ci gaba da daka. Ba ki je ba, ba ki yi kuka a gaban kowa ba, haka aka san uwa ta gari.

Kika ce, “Yanzu na tsufa, ba sauran wanda zan ji wa kunya. Alhassan ne sunansa. Ka riƙa sa shi a addu'a.”

Shekara arba'in da wani abu, ranar ce farkon da sunan ya fito daga bakinki, kuma na ga fuskarki ta sake bayan kin faɗa.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Baba Gwadabe, da ɗansu Jibo, da Rahmatu wadda na ji ta ce za ta hura wutar rumfa bayan sadakar arba'in, da jikoki, da jama'ar Karaye da Rogo baki ɗaya. Allah ya ba mu haƙuri, ya sa mu cika da imani.

Ke kuma Inna, Allah ya jiƙanki, ya gafarta miki, ya haskaka kabarinki, ya sa kowane yaro da kika samo ya zama nauyi a mizaninki. Allah ya sada ki da Alhassan a Aljanna, ki kira shi da sunansa da ƙarfi, ya amsa. Amin.

Malam Sulle mai lamba, Karaye.