Teburin da Ya Karkata Hagu

Shekarar da na cika talatin ba aikin yi, takardun makarantata na kwance a ƙasan akwati, abu ɗaya tak nake jin ina ƙara iyawa a duniya, shi ne wasan sunuka. Teburin yana cikin wata rumfar kwano a bayan tasha a Gwarzo, aikin kafinta ne, koren ƙyallensa duk ya koɗe. Mai shi dattijo ne mai sanyin hali, kowa Baba yake ce masa. Muka shirya da shi in riƙa share rumfar da safe, shi kuma ya bar ni in yi atisaye kafin matasa su taru.

Ban ɗauki abin da wasa ba. Sai in kwantar da kwalbar lemo, in yi ta zura kan sanda a bakinta ina zarewa ba tare da ta taɓa gefe ba, har kafaɗata ta ƙage. Sai in jera ƙwallo biyar in tura su rami ɗaya, in guda ta kuskure in koma farko. Wanda na fi ba wa ƙarfi shi ne in buga farar ƙwallo ta daki bangon teburin na can, ta dawo daidai kan sandata. Da farko kullum hagu take zamewa. Na zagi hannuna, na zagi idona, na yi ta gyara tsayuwa da riƙo har ta fara dawowa cak. Wata tara na yi a kan wannan.

Yayana, wanda yake riƙe da gonar gidanmu a Madadi, ya gaji da ni. Wata Juma'a ya tare ni bayan masallaci.

"Kai da gemunka, korar ƙwallo ce sana'arka?"

Na ce masa akwai gasa a Kabo bayan salla, wanda ya ci za a tafi da shi Kano ya buga da manya. Zuciya ta ɗebe ni na ƙara da cewa, "Yaya, in aka cire ni, na ajiye sandar nan, ka ba ni fartanya."

"Da bakinka ka faɗa," in ji shi.

Teburin Kabo sabo ne fil, a kan daɓen siminti. Aka haɗa ni da wani tela, yana wasa yana shan rake. Bugun farko mai sauƙi ne, irin wanda na yi sau ba adadi, amma ƙwallon ta bi ta dama da ramin ta wuce. Na biyu ma haka. Na goga wa kan sanda alli, na yi bisimilla, na uku ma dama. Wani daga baya ya ɗaga murya, "Na Gwarzo, ramin fa yana nan, bai matsa ba!" Rumfar ta kwashe da dariya. Telan bai ƙarasa rakensa ba ya gama da ni.

Washegari na cika kwanon sha da ruwa na ɗora a tsakiyar teburin Baba. Ruwan ya taru a ɓangaren hagu, har yana neman zuba. Wato wata tara ba miƙe hannuna nake yi ba, karkatar da shi nake yi don ya dace da tebur. Na rufe ido na yi wa dattijon nan tas, abin da har yau nake jin kunyarsa.

Ya bari na gama, sannan ya ce, "Ai tun damina biyu ƙafar teburin ta nutse. Kowa ya sani, ɗana. Na ɗauka kai ma ka sani."

Kowa ya sani, sai ni da na fi kowa daɗewa a kansa. Su da suke buga abinsu sama-sama karkatar teburin ba ta shiga hannunsu ba.

Na karɓi fartanya kamar yadda na yi alkawari. Ban ji daɗin noma ba ko na yini ɗaya, amma na yi. Abin da nake rarrashin kaina da shi a gona shi ne, ko banza akwai wuri ɗaya da ba mai ja da ni, teburin Baba.

Bayan kaka na shigo gari, na biyo ta bayan tasha. Baba ya hango ni ya yafito ni da murna.

"Zo ka gani, na gyara maka!"

Ya sa an yi daɓe, magini ya daidaita ƙafafun. Ya miƙo min sanda. Na buga fara, ta daki bango, ta dawo ta wuce ta damana. Na sake, ta sake wucewa. Baba na tsaye yana murmushi, yana jiran in yaba.

"Ya yi kyau, Baba," na ce, na jingine sandar.

Tebur ɗaya ne a duniya na iya wasa a kansa, kuma ni da bakina na sa aka gyara shi.