Kujera Shida a Jirgin Taurari

Ranar wata Lahadi da la'asar, ina da shekara tara, muna durƙushe a tsakar gidanmu da ke gangaren titin Ladeira da Praça, a wani birni na masu yaren Fotugis can ƙetaren teku, mun kewaye murfin akwatin da Baba ya tsinto a bakin ruwa inda yake dako. A kansa Yaya Sule ya zana jirgi da gawayi, jirgin da ke tafiya tsakanin taurari. Kowannenmu yana da ƙwayar wake a madadin kansa, daga kwandon Kaka mai ƙosai muke ɗiba. Ƙwayar wuri huɗu muke watsawa kamar ƙuri'a mu ga abin da zai sami jirgin, Yaya kuwa shi ne mai labari kuma mai doka, ba a ja da shi.

Ran nan ya ce tauraruwar Zara ta kama da wuta, mutum ashirin na jiran ceto, ciki har da waken ƙanwata Ladi. Dokar kuwa tun farko ita ce jirgi kujera shida gare shi, kuma da aka watsa wuri, ƙuri'ar ba ta faɗa wa Ladi ba. Ta ɓare baki tana kuka, don a wurinta ƙonewar nan gaskiya ce. Ni kuwa da ma bakina bai mutu ba. Na ce doka kujera ta ƙidaya, ba ta ƙidaya mutane ba, wanda ya kwanta ai ba ya neman kujera. Na kwashe waken na jera su a cikin jirgin, kan wannan a ƙafar wancan, na matsa su har ashirin suka shige. Yaya ya amince. Daɗi ya cika ni, yau na kayar da mai doka.

A haka Kaka ta iso neman wakenta. Ta tsaya a kanmu, ludayi ya suɓuce daga hannunta. "Wa ya koya muku wannan jerin?" Na ɗaga hannu da alfahari, na ce ni ce. Ta daɗe tana kallona. "Haka suka jera mu a cikin jirgin ruwan bayi," in ji ta. "Wadda ke gefena ta yi kwana biyu da rasuwa kafin su zare ta."

Na san an kawo Kaka daga ƙasar Hausa tana yarinya, amma ban taɓa tambayar yadda ta zo ba. Abin da ya fi firgita ni, babu wanda ya koya mini, ni kaɗai na gano shi, ina murna.

Kaka ta durƙusa, ta tsince waken ɗaya bayan ɗaya, ta bar shida. "Jirgin ya yi sawu huɗu," ta ce wa Yaya. "Kowa a zaune." Ladi ta tafi a sawu na biyu.

Yanzu jikokina Fotugis kawai suke ji, jiragensu na takarda ne, babu mai Hausar da zan ba wannan labari. Har yau in zan jiƙa wake, zuba shi nake a buɗaɗɗiyar ƙwarya.