Jirgin da Bai Cika Ba

Ban iya karatun boko ba sai da furfura ta fara fito mini. Ajin yaƙi da jahilci nake zuwa bayan la'asar, a ƙauyenmu na bakin tafki cikin ƙasar Ngaski. Waya ce ta kai ni, don na gaji da miƙa ta ga mutane su karanta mini.

Shekarar da na fara haɗa baƙi, jirgin kasuwa ya daki kututture ya kife. Tafkin nan daji ne ruwa ya rufe, itatuwan na nan tsaye a ƙasa, in ruwa ya ja baya sai su matso sama. Ƙanena na cikin gawarwakin da aka tsamo. Matata ma ta ɗaure busasshen kifinta za ta shiga, zazzaɓi ya kwantar da ita.

A al'adarmu, ranar addu'ar uku ake yanke magana. Kowane gida ya ba da namiji guda, a cika jirgi, a je gaban hukuma a zauna a ƙasa, ba a tashi sai an ga babba. Haka iyayenmu suka samo mana rijiya da makaranta. Wannan karon roƙonmu a sare kututturan da ke hanyar kasuwa, ko a kafa musu alama. Aka ce gobe da safe a haɗu a kwata, inda jirage ke tsayawa.

Kafin nan labari ya riga ya cika waya. Wani ya ɗauki hoton takalman mamatan jere a bakin ruwa, ya rubuta a ƙasa, "A cire kututture." Kowa na turawa, ni ma na tura. Na zauna ina bin baƙi da yatsa, ga mutanen Yelwa, ga na Shanga, har da waɗanda ba su taɓa ganin tafki ba. Na ce wa matata, "Duniya ta ji fa."

Ta ce, "Maigida, duniyar da gatari za ta zo?"

Da safe mu uku muka tsinci kanmu a kwata: ni, da tsohon da ke tuƙa jirgi, da wani da ya rasa 'yarsa. Na koma cikin gari na tarar da maƙwabcina yana ɗinkin komarsa ta kamun kifi.

Ya ce, "Haba ɗan makaranta, wane zamani kake? Waɗanda na tura wa sun fi jirgi goma. Ai manya sun gani."

"Wa ya ce maka sun gani?"

"To mi zai hana su gani?"

Ba mugu ba ne, shi ya kama mini makarar ƙanena yana kuka. Ya dai ji a ransa ya sauke nasa nauyin. Duk gidan da na yi sallama, amsar ke nan.

Muka tafi hakanan. A ofishin hukuma wani ma'aikaci ya tarbe mu da ladabi, ya ba mu ruwa, ya nuna mana hoton takalman a tasa wayar.

"Ni ma na tura, Baba. Wallahi abin ya taɓa ni."

Sai ya leƙa bayanmu. "Sauran na tafe?"

Muka ce mu ke nan. Ya ce oga ya fita, za a gaya masa. Mutum uku ba sa tare ƙofa. La'asar ta yi muka tashi da kanmu.

Ba a jima ba waya ta koma kan wata rigimar. Tsohon nan mai tuƙa jirgi ya ɗaura jarkoki don alama a kan kututturan da ya sani, iska ta tsinke su. Da na sake tayar da maganar a masallaci, aka ce ai an yi iyakar ƙoƙari.

Yanzu ina karanta saƙon nan na ƙasan hoton takalman ba tare da yatsa ba. Ruwa ya sake ja baya, matata kuma ba ta da wata hanyar kasuwa. Ran kasuwar da ta wuce na raka ta kwata, na miƙa mata kwandon kifi bayan ta zauna. Ta dubi silifas ɗinta, ta dube ni.

"Ka dai bar wayarka da caji, Maigida. Kar a zo ɗaukar hoto a rasa."