Tuwo a Cikin Lagireto

A shekarar farin nan, lokacin da ake bin layin sabulu da sukari a Tamale, ina da 'yar rumfar gyaran mota a Lamashegu. Kayan gyara babu su ko na magani, sai dai mu ciro daga gawar wata mota mu raya wata. Haka na haɗa injin wata tsohuwar jif ta shiga daji, wadda wani dattijo makiyayi ya saya don ɗebo wa shanunsa ruwa. Tafkin da suke sha a bayan gari ya ƙafe, su kuma sun rame har ba sa iya tattaki zuwa kogi. In jif ta tsaya, shanu sun kwana da ƙishirwa.

Na ji daɗin aikin nan, ba na ɓoyewa. Injin ya tashi lafiya lau. Amma ba a jima ba sai ga tarakta ta jawo mini jif ɗin, dattijon na zaune a ciki, fuska a murtuke.

"Masta, motanka ya tafasa," in ji shi. "Tun jiya shanu bai sha ba."

Haka mutanenmu suke, mota tasu ce sai ranar da ta lalace.

Gabana ya faɗi, don na zaci gasket, shimfiɗar da ke ƙarƙashin kan inji, ya ƙone, kuma babu wani a garin kaf. Na zaro sandar gwada mai, ruwa bai shiga man ba. Belin fanka da ƙarfinsa, famfon ruwa na juyawa. Na cika ruwa na tayar da ita, da ta ɗau zafi na kashe, na shafa lagireto da tafin hannu. Sama kamar tukunya a kan wuta, ƙasa kuwa sanyi ƙalau. Ashe ruwan ba ya sauka.

Na kwance tiyon ƙasa. Wani abu fari mai kauri ya zubo a hankali. Na murza, na shinshina, garin rogo ne.

"Baba, wa ya tuƙa tuwo a motar nan?"

Ya sosa gemu. Wai kututture ne ya soki lagireton a daji, yana ɗiga, direbobin tasha suka ce ya zuba gari kaɗan zai toshe. Shi kuwa ya ga cokali ɗaya rowa ce ga motar da ke shayar da garke guda, ya juye kwano cike.

"Kwano guda, a wannan shekara? Uwargida ta sani?"

"Kai dai gyara, Masta. Kar maganan ya kai gida."

Na yi dariya har da hawaye, rabinta ta samun sauƙi ce. Na fasa lagireton, na bi bututunsa ɗaya bayan ɗaya da wayar birkin keke, na wanke, na liƙe hujin da dalma. Bayan la'asar na bi shi kogi muka cika durom-durom, idona na kan allurar zafi. Har muka iso ruga ba ta wuce tsakiya ba.

Shanun suna kwance da muka zo. Da suka ji ƙarar injin sai suka fara yunƙurawa, wasu da ƙyar. Dattijon ya buɗe ruwa a kwami, bai gode mini ba, bai ma dube ni ba. Ya shiga tsakiyarsu yana kiran kowace da sunanta, yana leƙen bayan garken ko akwai wadda ta kasa miƙewa. Ya daɗe yana dubawa, sannan ya juyo, idonsa cike da ƙwalla.

"Masta," ya ce, "duka ya tashi."